TARIHI: Seydou Keïta, kafintan Bamako da ya ci abinci da hoto tun kafin duniya ta san sunansa

A watan Nuwamba na 2001 ne Allah ya yi wa Seydou Keïta rasuwa a birnin Paris, yana da kimanin shekara 80 a duniya. A lokacin, manyan gidajen adana kayan fasaha na Turai da Amurka suna rububin hotunansa, ana sayar da guda ɗaya a kan dubban daloli, masana kuma suna jera sunansa da na gwanayen ɗaukar hoton mutane na ƙarni na 20. Sai dai wannan ɗaukaka ba ta riske shi ba sai a shekaru goman ƙarshe na rayuwarsa. Hotunan da ake ta yabo ya ɗauke su ne tsakanin 1948 da 1963, a tsakar gidansu da ke Bamako, domin ya karɓi ladan aikinsa ya ciyar da iyali.

Labarinsa ya shafi duk wanda ya taɓa riƙe kyamara, ko wayar hannu a yau, yana lissafin ko wannan abu zai iya riƙe shi. Keïta ya fara da kayan aiki mafi araha, babu jari, babu takardar makaranta, a garin da fim da takardar hoto sai an kawo su daga Faransa. Yadda ya sarrafa wannan ƙaranci har ya zame masa hanyar aiki, da yadda amfanin aikin ya zama abin jayayya a ƙarshen rayuwarsa, su ne jigon tarihinsa.

Daga zarto zuwa kyamara

An haifi Seydou, wato Sa'idu a bakin Bahaushe, a Bamako wajajen 1921, lokacin ƙasar da ake kira Mali a yau tana hannun Turawan mulkin mallaka na Faransa, suna kiranta Sudan ta Faransa. Shi ne babba a cikin 'ya'ya biyar. Mahaifinsa, Bâ Tièkòró, kafinta ne mai yin kujeru da gadaje, haka ma kawunsa Tièmòkò. Seydou bai shiga makarantar boko ba. Tun yana ɗan shekara 7 aka zaunar da shi a gaban katako, yana miƙa kusa da guduma, har hannunsa ya faɗa a sana'ar gidansu.

A 1935 kawun nasa ya dawo daga wata tafiya Senegal da kyamara ƙirar Kodak Brownie, da fim mai ɗaukar hoto takwas, ya ba shi. Brownie ba kayan ƙwararru ba ce. Kamfanin Kodak na Amurka ya fara fitar da ita a 1900 a kan dala ɗaya, don yara da masu sha'awa. Ɗan akwati ne da mutum zai riƙe a ƙirji, ya leƙa, ya danna. Amma da irin wannan akwati ne da yawa daga cikin masu hoton Afirka ta Yamma suka shiga sana'ar. J. D. 'Okhai Ojeikere na Najeriya, wanda ya yi suna da hotunan kitson mata, shi ma da Brownie ya fara a 1950.

Farkon bai yi kyau ba, kuma Keïta bai taɓa ɓoye hakan ba a hirarrakin da aka yi da shi bayan ya tsufa. Ya fara da 'yan gidansu da abokan aikinsa na kafinta, daga nan mutanen unguwa suka riƙa tare shi a hanya suna neman ya ɗauke su. Bai san lissafin haske ba, mutanen kuma ba su san tsayawa cik ba. Hoto sai ya fito dishi-dishi, wani ma fuskar ba ta ganuwa. Ga shi kuma ba shi ke wankewa ba: sai ya kai fim ɗin shago ya biya, sannan ya ga abin da ya fito. Idan ya ɓaci, ya yi asarar fim da kuɗin wanki, ya kuma sha faɗan wanda ya riga ya biya shi.

Shagon da yake kai wankin na wani Bafaranshe ne mai suna Pierre Garnier, wanda ke sayar da kayan hoto a Bamako da sunan Photo-Hall Soudanais. A wurinsa Keïta ya tsinci dabarun farko na aikin. Wanda ya fi tasiri a kansa kuwa shi ne Mountaga Dembélé, malamin makaranta ɗan ƙasa wanda ya riga shi ƙwarewa a hoto, ya koya masa wanki, ya kuma bar shi yana amfani da ɗakin wankin hotonsa. Wannan mataki ne babba ta fuskar kuɗi. Mai hoton da ba ya wanki da kansa, rabin ribarsa ta mai shago ce, kuma ba ya gane inda kuskurensa yake, domin wani ne ke ganin hoton lokacin da yake fitowa a cikin ruwan magani.

Daga 1939 hoto ya fara kawo masa kuɗi na a-zo-a-gani, amma bai ajiye zarto ba. Tsakanin ranar da aka ba shi kyamara da ranar da ya buɗe shagonsa, shekara 13 ce. Masu ba da tarihinsa sukan tsallake waɗannan shekaru da jimla ɗaya, alhali su ne suka gina shi. Kafinta ce ta riƙa sayen fim ɗin da hoto ke ɓatawa, har zuwa lokacin da hoton ya iya tsayawa da ƙafarsa.

Garin da ke neman ganin fuskarsa

Lokacin da ya buɗe shago a 1948, Bamako tana cikin sauyi. Faransa ta mayar da ita hedikwatar yankin tun 1908, layin dogo kuma ya haɗa ta da Dakar a bakin teku tun cikin shekarun 1920. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, tsofaffin sojoji sun dawo gida da 'yan kuɗaɗe da sabon ido. A 1946 majalisar Faransa ta soke aikin tilas a ƙasashen da take mulka, a watan Oktoba na shekarar kuma aka kafa babbar jam'iyyar 'yan kishin Afirka ta RDA a Bamako ɗin. Garin ya cika da akawuna da malaman makaranta da ma'aikatan jirgin ƙasa da teloli da fatake, har yawan mutanensa ya haura 100,000 a daidai lokacin samun 'yancin kai. Mutane ne da suka baro ƙauye, suna son aika wa na gida shaidar cewa birni ya karɓe su. Hoto ne wannan shaida.

Keïta bai kama hayar shago a bakin kasuwa ba. A filin gidansu da ke unguwar Bamako-Coura, daura da babban gidan yari, ya kafa aikinsa. Wurin kuwa ya dace, domin ba shi da nisa da tashar jirgin ƙasa, da babbar kasuwa, da gidan sinima na Soudan Ciné. Matafiyin da ya sauka daga jirgin Dakar, da wadda ta zo kasuwa ta sayi sabon zane, da samarin da suka ci ado za su kallo, duk hanyarsu ta biyo ta kusa da shi. Ta haka sunansa ya bi layin dogo ya fita daga Bamako, har mutanen Senegal da Gini da sauran maƙwabta suka san da shi.

Wanda ya san yadda kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan ke tumbatsa da rani a kan hanyar Kano zuwa Zariya, ko yadda kuɗi ke shiga hannun manoman Kura da Bunkure bayan an yanke shinkafa, bukukuwan aure su biyo baya, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Hoto ba abinci ba ne, ba kuma magani ba. Mutum ba ya neman sa sai ranar da aljihunsa ya yi nauyi, jikinsa kuma yana sanye da abin da yake so a gani. Mai hoton da ya zauna inda waɗannan biyu ke haɗuwa ya gama rabin aikinsa.

Ɗauka ɗaya tak

Kyamarar da ya yi suna da ita babba ce ta katako, mai ƙafa uku, irin wadda mai ɗauka ke lulluɓe kansa da baƙin ƙyalle. Ta hannu ya saya, kuma 'yar ƙofar da ke buɗewa ta rufe don shigar da haske ta lalace. Saboda haka da hannu yake cire murfin gilashin, ya ƙirga a zuci, ya mayar. Kowane hoto yana cin fallen fim guda mai faɗin santimita 13 da tsawon 18. Idan ya wanke fim ɗin ya sami nagatif, wato baƙin hoton da fari ke fitowa baƙi, baƙi kuma fari, sai ya ɗora shi kai tsaye a kan takardar hoto ya haska. Hoton yakan fito daidai girman nagatif ɗin, kamar bangon ƙaramin littafi. Wannan hanya ba ta buƙatar na'urar ƙara girma, kuma da yake ba a ja hoton ba, komai yakan fito tar, har zaren saƙar zane da layin kitso.

Fim yana da tsada, don haka ƙa'idarsa ita ce ɗauka ɗaya ga kowane mai zuwa. Babu a sake, babu a zaɓa daga cikin goma. Wannan ƙa'ida ta tattali ita ce ta haifar da abin da masana suka zo suna kira salonsa. Tunda ba shi da damar kuskure, duk aikin sai ya koma kafin a cire murfi. Yakan ɗauki lokaci yana gyara wa mutum zama, ya juya masa kafaɗa, ya ɗaga haɓa, ya shimfiɗa yatsu a kan gwiwa don zobe ya fito, ya baza bakin riga don a ga aikin da ke jiki. Ya yi fice da ɗaukar mutum a karkace, fuska na kallon gefe kaɗan, kuma ya riƙa cewa shi ya ƙirƙiro wannan tsayuwa a Bamako. Mata kuwa sau da yawa yakan sa su kishingiɗa a kan gado ko shimfiɗa, hannu ya tallafi kai, irin zaman da ke nuna mace tana cikin wadata da kwanciyar hankali.

Hasken rana ya fi so, a tsakar gida, kuma a nan ma sha'awa da tattali sun haɗu, domin rana ba a biyan kuɗinta. Masu son a ɗauke su da dare a ƙarƙashin fitilar lantarki suna nan, musamman masu ganin hasken fitila yana ƙara wa fuska fari, amma nasu farashin ya fi yawa. A jikin bango ya manna samfurin hotunan da ya yi a baya: na tsaye, na zaune, na rabin jiki, na mutum biyu, na iyali. Wanda ya zo sai ya nuna wanda yake so. Da wannan 'yar dabara ya kauce wa gardamar da ke tashi bayan an gama aiki, ya kuma sauƙaƙa wa baƙauyen da bai taɓa tsayawa gaban kyamara ba. Ranakun Asabar da lokutan salla layi ake yi a ƙofar gidan. Da dare ya yi wanki, da safe masu hoto su zo su karɓa, kowanne da hatimin sunansa a baya.

Labulen da ya fara ratayawa a bayan mutane zanin gadonsa ne mai geza. Daga baya ya riƙa sayen yadi mai zane yana sauyawa bayan shekara biyu ko uku, wani mai furanni, wani mai ganye, wani mai murɗaɗɗen zane. A tsufansa, da waɗannan labulaye yake gane shekarar da ya ɗauki hoto. Abin da ya fi jan hankalin masu kallo a yau shi ne yadda zanen labule ke haɗuwa da zanen atamfar da mace ta ɗaura, ado a kan ado, amma fuskar ba ta ɓace a ciki ba. Mutumin da ya tashi a garin marina kamar Kura, wadda baƙin rininta mai ƙyalli ya kai har wurin Buzayen Sahara, zai fahimci dalilin da ya sa tufafi suka ci rabin kowane hoto. A wannan yanki na duniya, zane dukiya ne, kuma matan Bamako sun zo ne a ɗauki dukiyarsu tare da su.

Sai kuma kayan aro. Keïta ya lura cewa da yawa daga cikin samarin da ke zuwa suna son fitowa kamar akawun gwamnati, alhali ba su da kayan. Sai ya tanadi kwat uku irin na Turawa, da taguwa da takalma da malafa, ya ajiye. Ya tanadi agogon hannu, da alƙalami na saƙalawa a aljihu, da tabarau, da furen roba, da rediyo, da wayar tarho. Da kasuwa ta buɗe ya sayi babur ƙirar Vespa, ya kuma sayi mota Peugeot 203, su ma suka shiga aiki. Akwai sanannen hotonsa na wasu mata a jingine da motar, wanda idan aka duba da kyau za a hango inuwar mai ɗaukar a jikin ƙarfenta. Shi ya sa mai kallon tarin hotunansa zai ga rediyo ɗaya a gaban mutane daban-daban, da kwat ɗaya a jikin samari da yawa.

Wani zai ce wannan ruɗi ne. Amma mai zuwa ya san rediyon ba tasa ba ce, mai ɗauka ya sani, wataƙila wanda za a aika wa hoton ma ya sani. Abin da ake saye a gidan Keïta shi ne kamannin da mutum ke fatan kaiwa gare su, kuma ya fahimci haka fiye da abokan sana'arsa. Ya ɗauki aikinsa a matsayin fitar da mutum a mafi kyawun siffarsa, domin wanda ya ji daɗin hotonsa zai dawo, ya kuma jawo wani. Idan rana ta faɗi da sauran fallen fim a kyamara, yakan ɗauki kansa ko iyalinsa don kada ya lalace a banza. Hotunan fuskarsa da duniya ta sani a yau, ragowar fim ɗin kasuwa ne.

Akwai wata ɗabi'a tasa da ba ta kawo kuɗi nan take ba. Duk nagatif ɗin da ya yi, yakan adana shi da tsari, saboda mai hoto zai iya dawowa neman ƙari, ko danginsa su zo nema bayan ya rasu. Dubbai suka taru a adakar ƙarfe. A ƙasa mai zafi da ƙura da gara, inda tarin masu hoto da yawa ya ruɓe ko aka zubar, nasa ya tsira. Bai rubuta sunayen mutanen a jiki ba, domin a lokacin bai ga buƙatar hakan ba.

Kiran gwamnati

Mali ta zama jamhuriya mai cin gashin kanta ranar 22 ga Satumba, 1960, ƙarƙashin Shugaba Modibo Keïta, wanda ya bi tafarkin gurguzu. A 1962 gwamnati ta kira Seydou Keïta ya zama mai ɗaukar hoto na hukumar tsaron ƙasa. A yanayin siyasar lokacin, irin wannan kira ba a cika ƙin amsa shi ba, kuma aikin gwamnati yana da albashi da daraja. Shekara guda bayan haka, a 1963, aka rufe shagon Bamako-Coura. Ya ci gaba da aikin hukuma har bayan juyin mulkin da Moussa Traoré ya yi a watan Nuwamba 1968, bai yi ritaya ba sai a 1977. Hotunan da ya ɗauka a waɗannan shekaru 15 mallakar gwamnati ne, ba sa cikin abin da duniya ta gani.

Kafin ya fito, kasuwar ta sauya. Matasan Bamako sun koma wajen Malick Sidibé, wanda ke yawo da ƙaramar kyamara mai walƙiya zuwa wuraren rawa da bakin kogi, maimakon jiran mutane su zo su zauna. Bayan haka hoto mai launi ya shigo, da injinan da ke wanke shi cikin sauri, suka kashe kasuwar masu wanki da hannu a duk Afirka ta Yamma. Keïta bai taɓa son hoto mai launi ba. Ɓarayi kuma sun sace kayan aikinsa. Sai ya koma gyaran babura a gida, sana'arsa ta uku, adakar nagatif tana ajiye a ɗaki.

Mai hoton da ba a san sunansa ba

A 1991 aka yi wani baje kolin fasahar Afirka ta ƙarni na 20 a birnin New York, mai suna Africa Explores, wanda Susan Vogel ta shirya. A cikin kayan da aka nuna akwai wasu hotuna daga Bamako, an rubuta a ƙarƙashinsu cewa ba a san wanda ya ɗauka ba. Jean Pigozzi, attajiri mai tara kayan fasahar Afirka, wanda mahaifinsa ya kafa kamfanin motoci na Simca, ya gan su, ya tura wa André Magnin, Bafaranshen da ke yi masa sayayya, kwafinsu. A 1992 Magnin ya sauka Bamako yana tambaya. Malick Sidibé ne ya kalli hotunan ya gane hannun, ya nuna masa hanyar gidan. A daidai wannan lokaci wata mai ɗaukar hoto Bafaranshiya, Françoise Huguier, ita ma ta riga ta san da aikinsa tana ƙoƙarin fito da shi, kuma tana cikin waɗanda suka kafa bikin hotunan Afirka na Bamako a 1994.

Magnin ya zaɓi nagatif 921 ya tafi da su Paris. A 1994 gidauniyar Cartier ta shirya wa Keïta baje koli nasa shi kaɗai. A 1997 aka buga babban littafin hotunansa, aka kuma nuna su a zauren Gagosian na New York, ɗaya daga cikin manyan dillalan kayan fasaha na duniya. A 1998 mujallar ado ta Harper's Bazaar ta ba shi aikin ɗaukar hoto, ya sake tsayawa bayan kyamara yana dab da shekara 80.

Hotunan da aka rataye a waɗannan wurare ba irin waɗanda mutanen Bamako suka karɓa ba ne. An wanke su sabo a Turai, an ƙara musu girma, wasu santimita 50 da 60, wasu har 120 da 180, kusan tsayin mutum, an kuma ƙara ƙarfin baƙi da fari. Girman nagatif ɗinsa da tsabtar aikinsa ne suka sa hakan ya yiwu ba tare da hoton ya watse ba. Keïta ya nuna jin daɗinsa da ganin su a haka, ya kuma sa hannu a kansu. Amma masana sun daɗe suna muhawara a kan ko abu ɗaya ne da wanda aka yi don a sa a aljihu ko a aika ƙauye cikin ambulan. Akwai kuma abin da ya kamata a tsaya a kai. An gano sunan mai ɗauka, amma mutanen da ke cikin hotunan, waɗanda suka biya kuɗinsu don amfanin kansu, an rataye fuskokinsu a biranen da ba su taɓa zuwa ba, akasari babu suna, babu wanda ya nemi izininsu ko na 'ya'yansu.

Kuɗi sun shigo, sun kuma zo da rigima. A shekarar da zai rasu, Keïta ya raba gari da Pigozzi da Magnin, ya ƙulla sabuwar yarjejeniya da wani dillali a Paris mai suna Jean-Marc Patras, aka kuma kafa wata ƙungiya mai sunansa a Bamako don kula da aikinsa. Zauren Sean Kelly na New York ya shirya sabon baje koli a 2001 da hotunan da aka wanke ta wannan sabuwar hanya. Bayan rasuwarsa, jayayya a kan wanda ke da iko da nagatif 921 ɗin nan, da wanda ke da hurumin wanke sababbin hotuna ya sayar, ta kai gaban kotu, kowane ɓangare yana cewa shi ke kare muradin marigayin. A watan Janairu 2006 jaridar New York Times ta buga dogon rahoto na Michael Rips a kan rikicin. Mutumin da ya yi shekara 15 yana sallamar kowane mai hoto hannu da hannu, kuɗi a nan, hoto a nan, ya ƙare a cikin kasuwar da ke tafiya da takardun yarjejeniya cikin harshen da bai yi karatunsa ba.

Sunansa dai ya zauna. Babbar kyautar bikin hotuna na Bamako da sunansa ake kiranta, kuma ɗan Najeriya Uche Okpa-Iroha ya ci ta a 2009. Daga ƙarshen Maris zuwa Yuli 2016, zauren Grand Palais na Paris ya nuna hotunansa kusan 300. A gefen manyan da aka wanke a Turai, an jera ƙananan na asali da suka fito daga hannunsa a Bamako-Coura, takardarsu ta yi ja saboda daɗewa. Wasu daga cikinsu, mai sa wa hotuna firam a garin ya bi su da ɗan buroshi bisa buƙatar masu su, ya shafa ruwan zinariya a 'yan kunne, ya sa ja a farce.